Girke-girken zamanin yaƙin Hitila: me ya sa ruwan sha'ir ke yauƙi, kwalbar citta kuma take fashewa?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana girki. Akwai girke-girken da matan Ingila da Amurka suka riƙa yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnati ke raba abinci da kati. Galibinsu ba sa cin ƙwai da sukari da yawa, shi ya sa nake ganin za su yi mana amfani da wannan tsadar kayan masarufi. Amma ga inda nake samun matsala. Ruwan sha'ir da lemon tsami yana yauƙi kamar miyar kuɓewa in ya huce, ga ɗaci. Lemon citta da ake sa wa yis ya fasa kwalba kafin gari ya waye. Kofin da ake yi da soyayyen sha'ir yana yin kauri, ba ƙamshi. Kek ɗin da ba ƙwai ba madara kuma tsakiyarsa na nutsewa. Sannan ma'aunan nasu, oz da lb da pt da gill, ban san yadda zan mayar da su namu ba. Allah Ya saka da alheri.

Hajiya Mai Kek ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mu fara da ma'auni, don rabin matsalarki daga nan take.

Oza ɗaya, wato oz, giram 28 ce. Laba, lb, giram 454. Pt na Ingila mililita 568 ne, na Amurka kuwa 473, saboda haka kafin ki ɗora tukunya ki tabbatar girkin na wace ƙasa ne. Galan ɗin Ingila lita 4 da rabi ne da ɗan ɗori. Gill kashi ɗaya cikin huɗu ne na pt ɗin Ingila, mililita 142, wato gwangwanin madarar ruwa da bai kai baki ba. Kofin Amurka mililita 237 ne, ba kofin silba na shan ruwa ba, wanda wani ya kan ɗauki kusan rabin lita. Takardun da ma'aikatar abinci ta Birtaniya ta riƙa bugawa a lokacin da cokali shafaffe suke aiki, ki cika ki shafe bakinsa da wuƙa. Mu kuwa hannunmu ya saba da tozo. A garin yaji ba laifi, a bekin soda kuwa tozon nan ninki ne.

Sai fulawa. Daga 1942 farar fulawa ta ɓace a Birtaniya, aka koma wadda ake fitar da kashi 85 cikin ɗari na ƙwayar alkama, da ɗan dusarta a ciki. Farar fulawa irin ta buhu wajen kashi 70 zuwa 72 ce. Mai dusa ta fi shan ruwa. To in kika ɗauki ruwan da aka rubuta domin waccan kika zuba a tamu, kwaɓin zai yi ruwa-ruwa. Mafita biyu ce: ko ki rage ruwan da kashi ɗaya cikin goma, ko ki haɗa gwangwani uku na fulawa da gwangwani ɗaya na garin alkama da aka tankaɗe. Na biyun ya fi kusa da ɗanɗanon asali.

Ƙwai ma akwai tarko. Rabon mutum ƙwai ɗaya ne a mako in an samu, sauran garin ƙwai ne da ake kawowa daga Amurka, fakiti ɗaya madadin ƙwai 12. Ƙa'idarsa babban cokali ɗaya na garin da babban cokali biyu na ruwa, shi ne ƙwai ɗaya. In girkin ya ce a zuba garin ƙwai cikin fulawa a bushe, ke kuma kika fasa ɗanyen ƙwai, sai ki cire cokali biyu daga ruwan girkin a kan kowane ƙwai, don an riga an lissafa ruwan jiƙa garin a ciki.

Kek ɗin da kike magana na Amurkawa ne, tun zamanin karyewar tattalin arziki na shekarun 1930 ake yin irinsa, yaƙi ya zo ya ƙara yaɗa shi. Ga awon da ke tashi daidai a gwangwanin gashi mai faɗin santimita 20: fulawa giram 190, sukari giram 150 zuwa 200, garin koko giram 25, bekin soda cokalin shayi ɗaya shafaffe, gishiri rabin cokalin shayi, man gyaɗa mililita 80, ruwan kal babban cokali ɗaya, ruwan sanyi mililita 240. Ki tankaɗe busassun tare sau biyu, don sodar ta ratsa ko'ina. Ki haɗa ruwa da mai da kal daban, ki juye, ki juya da muciya ko cokali har garin ya ɓace kawai, kada ki buga.

Babu ƙwan da zai riƙe wannan kek, iskar da soda da kal ke fitarwa ce kaɗai ke ɗaga shi, kuma tana fara fita tun daga lokacin da suka haɗu. Saboda haka wuta ta riga ta yi zafi kafin ki zuba kal. Wadda ta kwaɓa sannan ta tafi hura gawayi, iskar ta tsere kafin kek ya shiga. Soda in ta yi yawa kuma yakan tashi da sauri ya wuce ƙarfinsa ya rufta, ya bar ɗanɗanon sabulu a baki. A obin digiri 180, minti 30 zuwa 35. A tukunyar yashi, ki zuba yashi kaurin yatsu biyu, ki bar shi ya ɗauki zafi minti 15, ki ɗora gwangwanin a kan duwatsu uku ƙanana kada ya taɓa yashin, ki sa garwashi kaɗan a kan murfi, minti 40 zuwa 45. Kada ki buɗe kafin minti 25, ko da ƙamshi ya cika gidan.

Malamin Kemistiri ya amsa:

Hajiya ta gama da kek. Ni zan ɗauki abubuwan sha, kuma zan fara da kwalbar da ta fashe, don ita ce mai hatsari.

Malama, tsohon awon lemon cittar Ingila shi ne citta oza ɗaya, sukari laba ɗaya, lemon tsami ɗaya, garin tsami da suke kira cream of tartar rabin oza, tafasasshen ruwa galan ɗaya, sai yis bayan ya huce. Ki lissafa: giram 454 a lita 4 da rabi, giram 100 ke nan a kowace lita. Yis yana cin sukari ya fitar da abu biyu a lokaci guda, iskar da ke sa kumfa da kuma barasa. Ba a samun ɗaya ba tare da ɗayan ba. Abin da ake buƙata don lemo ya yi kumfa kamar na kwalba wajen giram 8 ne kacal na sukari a lita, wanda ke barin barasa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Sauran giram 90 ɗin suna nan, yis kuma ba ya tsayawa don kansa. In aka bar shi ya cinye duka, barasar za ta kai kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, ƙarfin giya sosai, iskar kuma ta ninka abin da kwalba za ta iya ɗauka sau da yawa.

Su a can ɗakin ajiyarsu sanyi gare shi, aikin kan ɗauki kwana biyu ko uku. A ɗakin da zafi ya haura digiri 30, sa'o'i kaɗan sun isa. Ƙari a kan haka, yis ɗin da suka rubuta ɗanye ne mai laima. Busasshen yis na leda da ake sayarwa yanzu kashi ɗaya cikin uku na wancan awon ake sa wa. Wanda ya auna daidai da abin da aka rubuta ya ninka sau uku ke nan.

Shawarata ki ajiye yis gaba ɗaya. Ba ki da abin auna barasa a gida, kuma abin da za a ba yara bai kamata a yi shi da kintace ba. Ki yi ruwan citta mai kauri ki riƙa sirkawa. Ɗanyar citta giram 200, ki kankare ki goga. Tsamiya giram 50, ki jiƙa a ruwan ɗumi mililita 100 ki tace. Ki dafa cittar a ruwa rabin lita kan wuta kaɗan minti 20 da murfi, ki tace, ki zuba sukari giram 400 da ruwan tsamiyar, ki mayar wuta minti 5. Awo ɗaya na wannan, awo biyar na ruwan soda mai sanyi. Tsamiyar ba canji ba ce na dole kawai: tsamin da ke cikinta shi ne asalin sinadarin da ake yin wancan garin tsamin da shi, saboda haka ɗanɗanon yana komawa inda ya kamata. A firji zai yi mako biyu zuwa uku. Kada ki dafa shi a tukunyar alminiyam, tsami na cin ta ya sa ɗanɗanon ƙarfe, ki nemi ta silba mai kauri ko mai fenti a ciki.

Ruwan sha'ir kuma, yauƙin daga sitaci ne da wani danƙo da ke cikin ƙwayar. Kaɗan daga cikinsa ake so, shi ke ba ruwan laushi a maƙogwaro. Yana yawa ne in an yi ɗaya cikin uku: ba a zubar da ruwan farko ba, an tafasa da wuta mai ƙarfi har ƙwayar ta farfashe, ko an matse ta a rariya wajen tata. Ki ɗauki surfaffen sha'ir giram 100, ki wanke har ruwan ya yi haske. Ki zuba ruwan da zai rufe shi, ya tafasa minti 2, ki zubar. Ki zuba sabon ruwa lita ɗaya da rabi, wuta can ƙasa, minti 30. Ki juye a rariya ki bar shi ya tsane da kansa, ko cokali kada ki sa. Ƙwayar ba ta lalace ba, a zuba ta a miya ko a ci da nono.

Ɗacin kuwa daga ɓawo ne. Lemon da suke amfani da shi babba ne mai ruwan ɗorawa, kuma saman ɓawon kaɗai ake fere wa siriri, ban da farin ciki. Namu ƙaramin kore ɓawonsa ya fi ɗaci, in ya kwana a ruwan zafi ba mai iya sha. Kada ki sa ɓawon. Ki jira ruwan ya huce, ki matse lemon tsami huɗu ko biyar, ki cire 'ya'yan, sukari babban cokali uku. Su kansu a shekarun yaƙin lemon ya yi musu wuya, garin tsami na kantin magani suka riƙa sawa. Ki sha a ranar. Ruwan sitaci mai ɗan sukari ba ya kwana a waje a ƙasar zafi.

In kin ga girki ya ce a sa ƙwayar sakarin, madadin sukari ce, zaƙinta ya ninka na sukari wajen sau 300. A ƙarshe ake sa ta bayan an sauke, kuma in ta yi yawa ɗaci take bari a bayan harshe, kamar yadda ake ji a zoɓon wasu masu talla. Ba ta kuma hana abu lalacewa yadda sukari mai yawa ke yi, saboda haka kada a yi ruwan citta na ajiya da ita.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode Hajiya, na gode Malam. Sha'irin da ke kasuwarmu da ƙaiƙayinsa yake zuwa. Zai yi, ko sai na nemi na kanti?

Ɗan Filato ya amsa:

Yaya, zai yi. Don ruwan sha'ir ki yayyafa masa ruwa ki surfa a turmi yadda ake surfen alkama, ki bushe ki sheƙe. Don kofi kuma mai ɓawon ma ya fi, wankewa kawai za ki yi ki tsince tsakuwa ki shanya ya bushe ƙarau.

Kofin sha'ir ya fi zama abin Jamus da sauran ƙasashen Turai da aka toshe wa hanyar teku. Ingila shayi ne damuwarsu, oza biyu a mako ga kowane mutum tun daga Yulin 1940, bai kuma fita daga kati ba sai 1952. Amurka ta yi rabon kofi daga Nuwamban 1942 zuwa Yulin 1943, laba ɗaya a mako biyar. Jamusawa kuwa sha'ir da hatsin rai da saiwar chicory da 'ya'yan itacen oak suka riƙa soyawa suna niƙawa. A wannan ƙuncin ne ma aka ƙirƙiro Fanta a Jamus a 1940, da ruwan da ke ragewa bayan an yi cuku da tuƙar tuffa.

Kaurin da kike gani alamar cikin ƙwayar bai soyu ba. Wuta ta yi yawa, baya ya ƙone, ciki na nan fari, da ya ji ruwan zafi sai sitacin ya dahu. Ki sa gwangwani biyu kawai a kasko mai kauri, ba mai, wuta kaɗan, ki riƙa juyawa ba tsayawa minti 30 zuwa 40. A obin digiri 180 ne, ki baza shi a faranti kada ya hau kan juna, ki juya duk minti 10, wajen minti 45. Gwajin shi ne ki fasa ƙwaya ɗaya da haƙori: cikin ya zama ruwan ƙasa mai duhu har tsakiya. In da sauran fari, ci gaba. In ya yi baƙi yana hayaƙi mai yaji, ya wuce, ɗaci kawai za ki sha. Ki juye a tire ya huce nan take, don in ya zauna a kaskon zai ci gaba da ƙonewa.

Niƙan ɓarza za ki yi, ba gari ba. Babban cokali biyu a ruwa mililita 250, ya tafasa a hankali minti 5, ki sauke ki bar shi ya kwanta minti 3, ki tace da ƙyalle. Ba shi da sinadarin da ke hana barci, kuma gaskiya ba kofi ba ne, wanda ya sa ran ɗanɗanon gahawa zai yi ƙorafi. Da madara da ɗan kanumfari ko citta abin sha ne mai daɗi a karan kansa. Ƙwallon dabino ma ana yi masa haka, yana ba da ɗacin da chicory ke bayarwa: a wanke, a shanya kwana biyu, a soya har ya yi duhu, a sa kashi ɗaya cikin huɗu. Amma a fara farfasa shi a turmi, in ba haka ba zai karya wuƙar bilenda.

Akwai wani da ba ki ambata ba, Carrolade, wanda ma'aikatar abincinsu ta tallata wa yara. Karas ne da wata saiwa mai suna swede, a goga su daidai wa daida a matse a ƙyalle. Swede ba ta nan a kasuwanninmu. Karas kilo ɗaya, kokwamba ɗaya, citta kamar kan babban yatsa, a goga da ƙananan idon magogi, a matse, a ɗiga lemon tsami rabi don kada launin ya dushe. Yana rabuwa in ya zauna, girgizawa kawai ake yi. Tuƙar a zuba a kwaɓin kek, haka su ma suka yi don karas na rage buƙatar sukari.

Inna Mai Tuwo ta amsa:

'Yata, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ni ina da ja a kan cewa waɗannan girke-girke za su rage miki kashe kuɗi. An tsara su ne a kan abin da ke da araha a Ingila a 1941: dankalin turawa, karas, kabeji, hatsin oats. Abin da ya yi musu wuya, kamar mai, daga nan ake kai musu. Bayan Japan ta kama Malaya da tsibiran Indunusiya a 1942, gyaɗar Kano da manjan kudu ne suka riƙe musu bota ta margarin da sabulu. A nan sha'ir da koko da ruwan soda su ne na masu kuɗi, gero da tsamiya da zoɓo su ne na kowa. A yi su don sha'awa da sanin tarihi, wannan ba laifi. Don tsimi kuwa, dabarar za a ɗauka, ba kayan ba.

Ɗauki fai ɗin Woolton, wanda aka sa wa sunan ministan abincinsu Lord Woolton, mai dafa abincin otal ɗin Savoy na Landan ya tsara. Laba ɗaya-ɗaya na dankali da karas da swede da farin kabeji mai fure, albasa mai lawashi uku ko huɗu, cokalin shayi na abin ɗanɗano, babban cokali na oats, a dafa minti 10 da ruwa kaɗan, a rufe da kwaɓi a gasa. In kika bi shi haka babu mai ci a gidanki, lami ne, su kansu ba su so shi ba. Ki sa kabewa a madadin swede, kabeji a madadin mai furen, ki soya albasa da attaruhu biyu da daddawa kafin ki zuba kayan. Murfin kuwa fulawa giram 200, dafaffen dankali da aka murƙushe giram 120, kitse ko bota giram 60, gishiri, ruwa cokali biyu ko uku. Kayan cikin su huce sarai kafin a rufe, in da zafi kitsen zai narke murfin ya yi danƙo. Ruwan dahuwar a tsane shi a yi romo da shi daban. A kula da botar roba mai laushi ta yanzu, wasu ruwa ya yi musu yawa, kwaɓin sai ya yi tauri. Mai tauri ta leda ko kitsen saniya da aka narkar aka tace ya fi.

Dabarar da ta fi duka amfani a wurinmu ita ce akwatin ciyawa, da suka yi don tsimin gawayi da gas. Kwali ko kwando mai zurfi, a cika da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko tsummoki kaurin tafin hannu ta kowane gefe, a bar gurbin tukunya, a yi matashin da zai danne sama. Shinkafa ta tafasa minti 5 a sa ta ciki, awa ɗaya ta nuna. Wake a jiƙa shi tun dare, ya tafasa sosai minti 15 zuwa 20, sannan awa uku zuwa huɗu a akwati. Tukunyar ta kusa cika, murfinta ya kama, kuma ba a leƙawa. Ruwa a rage kaɗan don ba ya ƙonewa a ciki. Kada abinci ya wuce awa biyar a nan, in an fito da shi ba ya turiri a mayar da shi wuta ya tafasa kafin a ci.

Malamin Kemistiri ya ƙara:

Inna ta yi gaskiya a kan turirin, ƙasa da digiri 60 ƙwayoyin cuta ke fara yaɗuwa, nama da shinkafa sun fi saurin kamuwa. Malama, in kuma akwai sauran kwalaben citta mai yis a ɗakin, kada ki girgiza su, kada yara su matso. Ki lulluɓe kowace da tawul mai kauri, ki sa a firji ko cikin bokitin ruwan ƙanƙara awa biyu, ki fita da ita tsakar gida, ki kau da fuska, ki sassauta murfin kaɗan-kaɗan har iskar ta gama fita, sannan ki zubar.